Tayar Kampa a Tsaye Take Tsufa

Jiya bayan sallar Juma'a na ji ɗayanku yana cewa wai aikin Baba Habu ba aiki ba ne. A kwance noti, a cire taya, a sa wata, a ɗaure noti, shi ke nan, har ma ya gani a waya an gama kafin shayi ya huce. Wallahi ban ji haushi ba, dariya na yi. To tunda yau kun zo da ƙafarku, ku jawo tayoyin can ku zauna, ku ajiye wayoyin, in ba ku labari.

Ni a Maradi na fara, bakin tashar manyan motoci, wajen wani mai faci da muke kira Patoron Ila, wato maigida Ila. Kayan aikinmu duka ba su cika buhu ba: baho na ruwa, ƙarafan ɓamɓare taya, guduma, da fiston na tsohuwar mota da muke zuba wa kananzir mu kunna wuta mu gasa faci. Na tuna wani kamyo, wato babbar motar kaya, da ya zo cike da albasa, tayar baya tana sacewa. Na ciro tub, na tsoma a baho, na ga inda yake kumfa, na liƙe, na mayar. Kafin direba ya gama cin abinci ta sake sacewa. Sai Patoron Ila ya kama hannuna ya cusa cikin tayar, ya ce in shafa a hankali kamar mai neman ƙaya a ƙafar jariri. Ina shafawa sai wani siririn waya ya soke ni a yatsa, ko ganinsa ba a yi. Ya ce, "Wala! Ga shi nan! Ka liƙe rauni ka bar wuƙar a ciki." Tun daga ranar ban taɓa mayar da taya ban shafa cikinta ba.

Da na zo nan Greensboro a Amurka sai na samu aiki wajen wani tsohon Bature, Mista Rey, a wani shago da ke bayan Gate City Boulevard, lokacin ma High Point Road ake ce mata. Shi bai damu da ƙananan motoci ba. Aikinsa tirela: ta masu yankan ciyawa, ta kwale-kwale, ta dawakai, sai kuma kampa, wato ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, mai gado da kicin da banɗaki a ciki. Ranar da na fara shiga cikin kampa sai da na riƙe baki. Gida guda a kan taya huɗu! Na ce mutanen nan, ga gidajensu kamar fada, amma sai su ja wani su tafi daji su kwana da sauro.

Aikin farko da muka fita tare, Irving Park muka je, gidan wata mata, Misis Karol. Ita da mijinta za su tafi bakin teku, suna so a duba musu kampa. Na durƙusa na kalli tayoyin. Zanensu cif, kamar yau aka sauke su daga kanti. A Maradi da an samu irin wannan da sai a yi ta murna. Mista Rey ya ce min, "Habu, zo ka ga wani abu." Ya danna gefen tayar da babban yatsa, sai ga tsaga-tsaga sun buɗe, sirara, kamar faso a diddige. Sannan ya goge wani wuri da tsumma ya nuna min lambobi huɗu a ƙarshen wani rubutu. Ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, ranar haihuwar taya ke nan. Kai! Ashe taya tana da takardar haihuwa a jikinta! Shekaru ina wannan aiki ban sani ba. Daga nan duk tayar da na gani a hanya sai na sunkuya na karanta, har masu mota suna zaton wani abu na ɓatar.

To ku saurara, nan ne sirrin. Tayar motarku tafiya ke cinye ta, kuna ganin zane yana gogewa kun san lokaci ya yi. Tayar kampa kuwa a tsaye take tsufa. Wata goma tana bayan gida, rana na dukanta, nauyi na danne wuri guda, robar tana bushewa. Zanen bai taɓu ba, amma jikin ya mutu. Sai rani ya zo a ɗora mata iyali da kaya a hau haiwe, wato babbar hanya, da gudu, kwalta kamar garwashi. Shi ya sa idan ta kai shekara biyar zuwa shida nake cewa a sauke ta, ko da zanen yana sheƙi. Har da safayar da ke rataye a baya, wadda ita ce ma ta fi shan rana.

Kuma kada wani ya ce muku taya taya ce. Ta tirela daban take, gefenta ya fi kauri, an yi ta don ta ɗauki nauyi ta tsaya ƙyam, kada ɗakin ya riƙa lilo a bayan mota. Akwai nauyin da aka rubuta mata, akwai gudun da aka rubuta mata. Wanda ya wuce su, shi ya sani.

Ga kayan aikina nan, ku duba. Wannan gejin iska ne, shi ne na farko, kuma da sassafe ake aiki da shi, taya tana sanyi, kafin ta taka hanya. Lambar da za ka bi tana manne a jikin kampa, ba a kanka ba. Wannan doguwar kuma sifana ce mai awo. Ka saita ta, ka ja noti, idan ya kai inda ake so sai ta ce ƙas. Ina son wannan ƙarar! Bindigar iska ta ɗaure noti tana da sauri, amma ba ta san ya isa ba. Wannan jak ne na kwalba, ga katakan da nake dasa shi a kai, ga duwatsun roba na tare taya. Ga giris, ga boris sababbi a leda, ƙarafan da taya ke juyawa a kansu, don cibiyar taya ita ma tana da haƙƙi. Na ƙarshe kuwa ba a sayar da shi a kanti. Bayan hannu ne. Da shi ake taɓa cibiya a ji ko ta yi zafi.

Kwastomomi kuwa, Allah ya yi su iri-iri. Akwai wasu ɗalibai biyu daga Glenwood da suka sayi wata ƙaramar kampa tsohuwa, suka yi mata fenti ruwan ɗorawa, suka sa labule da furanni, komai tsaf. Suka zo wai in ƙara musu iska kawai. Na duba, taya ɗaya ta mota ce, ɗaya ta tirela, girmansu ma ba ɗaya ba. Na ce, "Wannan amaryar taku ƙafa ɗaya takalmi, ƙafa ɗaya silifa." Suka yi ta dariya, suka bari na gyara, har daga baya suka aiko min hoto daga bakin wani tafki. Akwai kuma wani mutum da ya tsaya a hanya ya auna iska da rana tsaka, ya ga ta hau, sai ya rage. Bai san cewa dole ta hau idan taya ta yi zafi ba. Da ya rage, sai tayar ta riƙa lanƙwasa tana ƙara zafi, har ta fashe. Kun san abin da tayar kampa ke yi idan ta fashe? Ba sacewa take yi ta kwanta ba. Ɓallewa take yi ta riƙa dukan ƙasan ɗakin da wayoyin ƙarfe. Na wannan mutumin ta farfasa katakon ƙasa, ta tsinke bututun ruwa, ta yi waje da tukwanen kicin a kan haiwe. Allah ya sa ba ta kai ga bututun gas ba. Na sauya wadda ta fashe, na sauya ta kusa da ita, don ita ta ɗauki nauyin biyu har ya samu wurin tsayawa.

Shekarar korona ita ce muguwar shekararmu. Da farko shiru, ko tsuntsu ba ya shigowa shago. Sai kuma kwatsam kowa ya tuna yana da kampa, tunda ba jirgi ba otal. Aka riƙa jawo tsofaffi daga bayan gidaje, wasu har ciyawa ta fito ta cikinsu. Ga aiki kamar ruwa, amma babu taya. Ka yi oda, a ce sai wata mai zuwa, wata ya zo a ce sai wani. Mutum ya tsaya a gabanka yana roƙo ka sa masa ko wace iri ce, ka ce a'a, ya zage ka ya tafi inda za a sa masa. Ana cikin haka ciwon ya kama Mista Rey. Ya tashi, amma numfashinsa bai koma daidai ba, ko taya ɗaya ba ya iya ɗagawa. Ya rufe shago. Ranar da muke kwashe kaya ya nuna injin iska da injin cire taya ya ce, "Ɗauki, Habu, ni sun gama min aiki." Na ɗora su a cikin wannan farar motar da kuke gani, na koma bin mutane gida-gida. Da haka na fita daga shekarar, da ƙyar, amma na fita.

Aikin da ba zan manta ba kuwa, shekarar da ambaliya ta ci garuruwan kan duwatsu a yamma aka yi shi. Kun ga hotunan, ba sai na faɗa ba. Da safe Hajiya Zainabu ta kira ni, wadda ke dafa abincin suna da biki, duk kun ci tuwonta. 'Yarta Hadiza tana can da mijinta, suna aiki a wani otal, ruwa ya shiga gidan da suke haya ya lalata komai. Ga jariri sabon haihuwa, ga yarinya 'yar shekara biyar, suna kwana a mota, sanyi kuma ya fara sauka. Mijin ba zai iya barin garin ba, don ana aikin gyara otal ɗin, idan ya tafi wani za a ɗauka. Hajiya ta ce, "Malam Habu, kai ne ka san masu ɗakunan nan. Ko haya ce a samo mana."

Na fara kiran tsofaffin kwastomomi. Ta uku da na kira Misis Karol ce. Mijinta ya rasu, kampar da suka saya daga baya tana nan a ajiye, ba wanda ya taɓa ta tun rasuwarsa. Ban gama bayani ba ta ce, "Zo ka ɗauka. Ba haya ba, kyauta." Allahu Akbar! Na kira Hajiya, sai guɗa kawai nake ji a waya.

Ƙanen Hajiya, Isufu, direban babbar mota ne, yana da fikof mai ƙarfi, motar nan mai buɗaɗɗen baya. Muka haɗu a gidan Misis Karol. Yana zuwa ya fara ja da baya zai haɗa. Na ce, "Tsaya tukuna." Na sunkuya na karanta lambobin, na danna gefe. Duk sun mutu, har safaya.

Isufu ya ce, "Malam Habu, jariri yana kwana a mota! Tafiyar awa uku ce kawai. Mu lallaɓa a hankali."

Na ce, "Isufu, kai direba ne, ka san hawan da ke gaba. Idan ta fashe mana a can, babu kampa, babu mai zuwa ɗaukarmu, duk masu janwe suna wajen ambaliya. Ka ba ni yau, gobe da asuba mu tashi."

Ya kalli Hajiya. Hajiya ta ce, "A yi yadda ya ce. Dare ɗaya ba zai fi waɗanda suka wuce ba."

Nan fa aka shiga tsere! Kowa a jihar yana neman tayar tirela a makon nan, don kowa yana jan kaya zuwa yamma. Na samu uku a Greensboro. Isufu ya tafi har Burlington ya samo biyu, na sa ya karanta min lambobin ta waya kafin ya karɓa. Kafin ya dawo na ɗaga kampa, na cire duk cibiyoyin, na wanke boris, na cusa sabon giris, na sa sababbin bawul na hura iska. Misis Karol tana ta kawo mana kofi, tana kwashe kayan mijinta daga ciki, tana barin barguna da tukwane ta ce na jariri ne da uwarsa. Kafin magariba taya biyar sun hau, sifana ta yi ta cewa ƙas, ƙas, ƙas.

Da asuba na iso filin masallaci inda muka ajiye kampar ta kwana, sai na tarar da wani sabon aiki. Jama'a sun ji labari. Buhunan shinkafa, katan-katan na ruwa, jarkokin mai, garin masara, har da wata tsohuwar keken ɗinki, duk an loda a can ƙarshen kampa, kan gado, don nan ne da fili. Gindinta ya yi ƙasa, hancinta ya ɗaga sama. Na ce, "Innalillahi! Wa ya yi wannan?"

Hajiya ta ce, "Sadaka ce, Malam Habu, ba a mayar da sadaka."

Na ce, "Hajiya, ba mayarwa za a yi ba, wurin zama za a sauya mata. Idan nauyi yana baya, da mun yi gudu kaɗan za ta fara lilo, ta kwashe fikof ɗin ta watsar da mu."

Muka yi layi, har da limamin da ya fito daga salla. Ruwa duka ya koma bayan fikof. Shinkafa ta sauka ƙasa, daidai kan tayoyi da ɗan gaba kaɗan. Abin da ya yi yawa na zuba a motata. Kampa ta daidaita, na sake auna iska, Hajiya ta shiga gaba kusa da ƙanenta, ni ina biye da su a baya, idona a kan tayoyi.

Bayan mun wuce Winston-Salem na yi musu fitila muka tsaya. Isufu ya ce, "Me kuma?" Na ɗauko sifana na bi notin ɗaya bayan ɗaya. Taya sabuwar ɗaurawa takan zauna bayan ta ɗan yi tafiya, notin su saki. Guda uku suka motsa kafin su ce ƙas. Isufu ya gani da idonsa.

Tsayawa ta biyu, gab da babban hawan, ita ce ta cece mu. Na zaga ina taɓa cibiyoyi da bayan hannu. Ta farko ɗumi, ta biyu ɗumi, ta uku ɗumi. Ta huɗu, ta baya a dama, sai da na fizge hannuna! Ga wani wari kamar an ƙona gashi. Na ce Isufu ya kawo jak. Muka ɗaga, na juya tayar, ba ta juyawa sai da ƙarfi. Birki ne. Shekarun da ta yi a tsaye tsatsa ta kama wani ƙarfe a ciki, jiya yana saki lafiya, yau da aka yi ta taka shi sai ya riƙe ya ƙi komawa. Da mun hau dutsen nan a haka, zafin zai narkar da giris ya dafa sabuwar tayar daga ciki, kuma a wurin da babu gefen tsayawa.

Hajiya ta sauko tana salati. Ta ce, "Shi ke nan, mun tsaya?"

Na ce, "Wa ya tsaya? Hajiya, riƙe min wannan kwanon, kada noti ko ɗaya ya ɓata."

Muka jira ya huce. Na buɗe, na goge tsatsar da burushin ƙarfe, na shafa mai inda ya dace, na saita birkin, na sake cusa giris, na mayar. Manyan motocin agaji suna ta wucewa suna girgiza mu. Na juya tayar da yatsa ɗaya, sai ta yi ta juyawa ita kaɗai, shiru, sumul. Isufu ya yi tsalle ya ce, "Dakor, na yarda, Patoron!" Muka hau dutsen nan a hankali, a layin manyan motoci. Da muka kai sama na sake taɓawa. Ɗumi kawai, duka huɗun.

Abin da muka gani a can ba ya faɗuwa. Laka har rabin bango, motoci a kan bishiyoyi. Wani maƙwabcin otal ɗin, tsoho, ya ba su wuri a filinsa da ke kan tudu, har da wutar janareta. Hadiza ta fito daga mota da jariri a ƙirji, ta tsaya tana kallon kampa. Hajiya ta karɓi jaririn ta shige ciki, ba a jima ba sai ga ƙamshin albasa yana fitowa ta taga.

Ni kuwa aikina bai ƙare ba, don yanzu kampa za ta koma tsayuwa, kuma kun ji abin da tsayuwa ke yi. Na shimfiɗa katakai muka hau da tayoyin a kai, kada su zauna cikin laka. Na tare su gaba da baya. Na nuna wa mijin Hadiza yadda zai auna iska duk wata, na bar masa geji. Sannan na ɗauko rigunan taya na fara rufe su saboda rana. Yarinyar nan 'yar shekara biyar ta tsaya a kaina tana kallo, sai ta tambaye ni da Turanci wai su ma sanyi suke ji? Na ce mata e, kuma sun yi aiki yau, sun cancanci bargo. Ta ruga ta gaya wa kakarta.

Tsohon mai filin yana gefe yana kallo. Ya matso ya ce akwai wasu kampa biyu da aka kawo wa maƙwabtansa, ko zan duba? Na duba. Daga biyu suka zama biyar, daga nan na daina lissafi. Na zo da niyyar juyawa a ranar, sai da na kusa mako ina kwana a motata, Hajiya tana aiko min tuwo.

Su Hadiza sun yi sanyin shekarar duka a ciki, har dusar ƙanƙara ta rufe rufin, jaririn ya fara zama a kan gadon nan. Da bazara suka samu gida. Mijin ya kira ni ya ce akwai wata mata da 'ya'yanta uku a wani kwari can gaba, har yanzu a tanti suke, suna so su ba ta kampa, amma ba wanda zai motsa ta sai na zo. Na tashi da asuba na tafi. Na cire rigunan, na auna iska, na bi notin, na juya kowace taya da hannu. Sannan na ce wa mai fikof ɗin da suka samo, "Bismillah, ja mu je."